Inna a Aljihun Bango

Cachoeira, 6 ga Maris, 1978

Ƙanena Lauro,

Allah ya yi maka albarka, ko da ba ka nema ba. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Odete da 'yarku Celina. Mu nan da sauƙi. Ni dai bayana ne ke ciwo, kamar na duk macen da ta shekara talatin tana naɗa taba a kan benci ɗaya. An yi ruwa sosai bana, kogi ya hau har bakin kasuwa, ya leƙa, ya koma bai yi ɓarna ba.

Hoton da ka aiko ya iso. Inna ta sa na jingina mata shi kusa da fitila, tana kallo tana cewa ka yi tumbi, wai ashe masu ƙera mota suna samun abinci. Da ta zo kan Celina kuwa ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye ni ina gashin yarinyar ya tafi. Na ce yana nan, matsefin wuta ne ya kwantar da shi. Ta ce to, hancin dai na gidanmu ne, wannan ba matsefin da zai taɓa shi.

Abin da ya sa na ɗauki biro ba hoton ba ne. Inna ba ta da lafiya. Ƙafafunta sun kumbura, ta daina sauka bakin kogi, ƙosai ma da take so sai ta gutsura ta ajiye. Likitan asibiti ya ce zuciya ce ta gaji. Ranar Lahadi ta kira ni ta ce in rubuta maka da bakinta, ga shi kuma yadda ta faɗa: "Ki gaya wa Lauro, idan na tafi a sa ni a ƙasa, can gangaren maƙabarta inda aka sa uwata da ubanku. Ba na son komai bayan wannan." Na ce Inna ki daina irin wannan zance. Ta ce in rubuta kawai in rufe mata baki.

Wata maganar kuma. Ka san shekara bakwai da girka ni a gidan gangarmu na bauta, wurin shugabarmu Iya Zulmira, sun daɗe da cika, hidimar cikawar ce nake ta ɗagewa saboda jinya. Yanzu Inna ta matsa mini lamba sai na shiga ɗakin girka a watan gobe. Ta ce ba za ta je gaban Nana, iskar da take yi wa bauta, da kunyar 'yarta ba ta kammala ba, ta kuma yi alkawari ba inda za ta motsa sai na fito. Wanda ke ɗaki ba ya fita, ba ya karɓar saƙo, har mako uku. Na faɗa maka ne don na san São Paulo ta wanke maka waɗannan abubuwa daga ka. Maƙwabciyarmu Bibiana za ta riƙa zama da Inna.

Tsakiyarka ta wuya, irin ta 'yan gidan ganga, tana nan rataye a ƙusar da ka bar ta ranar da ka tafi. Inna na goge mata ƙura, ni kuwa ina cewa ta bar ta, mai ita ya zama ɗan birni. Idan za ka iya zuwa ka zo, hanyar da ta kai ka ba ta rufe ba.

Yayarka,
Damiana

São Paulo, 9 ga Afrilu, 1978

Yaya Damiana,

Ki sa mini albarka, ki kuma roƙa mini ta Inna. Takardarki ta yi makonni a ofishin masana'anta kafin wani ya tuna ya miƙo mini. Lafiyarmu lau, sai ɗan tarin da canjin iska ke kawowa. Odete na gaishe ku. Celina tana karatu sosai, wai lauya za ta zama. Maganar gashi kuwa, Yaya, nan ba Cachoeira ba ce. A ajinsu ita kaɗai ce mai launinmu, ku bar ta ta sha iska.

A wurin cin abinci na karanta saƙon Inna, sai na ture kwanon waken. Na san Inna. Macen da ke cewa ta ƙoshi don mu ci, ita ce yau take cewa a sa ta a gangare don kada ta ɗora mini nauyi. Ba zan yarda ba. Ke kin girme ni, kin fi ni tuna ranar da muka je kabarin Baba bayan ruwan nan mai yawa. Ina ɗan shekara tara. Gicciyen katakon ya tafi, gangaren duk ya zama caɓi, muka yi ta zagaye ba mu san wane tudu ne nasa ba. Na ɗaga kai na ga bangon sama fari tas, inda ake tura gawar masu hali cikin aljihunan siminti, kowane aljihu da dutsensa da sunansa, ko ɗigon laka babu. Su wa ke sama, su wa ke ƙasa, ba sai an gaya wa yaro ba. Tun zamanin bayi gangaren nan mu ake zubawa a ciki. A ranar na rantse uwata ba za ta kwanta a can ba.

Saboda haka na rubuta wa Honorio mai akwatin gawa, na biya komai da komai. Na samar wa Inna aljihu a bangon sama, layi ɗaya da iyalin Likita Teles, da dutsen marmara, da sunanta Firmina da haruffan tagulla, da akwati mai hannayen ƙarfe. Takardar wurin da sunana take. Kada ki gaya mata, kin san za ta fara faɗan ɓarna. Allah ya sa mu daɗe ba mu buƙace shi ba.

Zuwa yanzu ba zai yiwu ba. An ƙara mana aiki, kuma duk wanda ya nemi hutu a wannan lokaci ana kallonsa da wani ido. Sai Kirsimeti, zan zo har da Celina idan uwarta ta yarda. Batun shiga ɗakinki ke kika san shi, ni dai da kin bari ta warware tukuna. Ki saya mata kifi mai kyau da kuɗin da na saka a cikin takardar nan, kada ki bari ta raba wa maƙwabta.

Ƙanenki,
Lauro

Cachoeira, 14 ga Mayu, 1978

Lauro,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Ina raye. Tangarahon da Bibiana ta buga ya gaya maka Inna ta rasu. Ni ba wanda ya gaya mini sai ranar da na fito.

Da hantsi ta cika, Bibiana na shafa mata mai a ƙafa, saura mako ɗaya in fito. Mutuwa ba ta shiga ɗakin girka ko da labari ne, Iya Zulmira kuma ba ta iya taɓa gawa ta dawo ta taɓa kanmu, don haka ta tura mata uku daga gidan su yi abin da ya kamata. Suka yi wa Inna wanka, suka sa mata fararen kayanta. Sai ga Honorio da akwati mai walƙiya, da takardar biyan kuɗinka a hannu. Matan suka ce ƙasa za a kai ta, ya ce ɗanta ya biya sama, shi kuma aikin wanda ya biya yake yi. Suka ce 'yar Nana ce, ya ce shi bai san wata Nana ba, Firmina ya sani, ga sunan nan an riga an sassaƙa. Gawa ba ta jira a zafin garin nan. Washegari aka tura ta cikin bango aka liƙe da siminti.

Na fito da kai a aske, da fararen kaya, ana buga mini ganga, ina ta leƙen kujerar da Inna ke zama ban gan ta ba. Na ɗauka ƙafar ce ta hana ta zuwa. Sai da aka gama Iya Zulmira ta kama hannuna ta zaunar da ni. Da na isa gida na tarar an naɗe katifar Inna, takardar da ka rubuto mini kuma tana kan tebur ba a buɗe ba. Na karanta ta a tsaye.

Kai Lauro, a cikin gidan nan aka haife ka. Sau nawa Inna ta ba mu labarin tana tsefe mini kai, kai kana kwance a tabarma? Da aka zo yin mutum an gwada iska, an gwada itace, an gwada dutse, bai yiwu ba. Sai Nana ta ɗebo laka daga ƙasan ruwa ta ba da aro, bisa sharaɗin a mayar mata idan mutum ya gama da ita. Shekara hamsin Nana ce mai kan Inna. Ba kuɗinka take tausayi ba. Da ta ce ƙasa, ƙasa take nufi. Kuma macen da ko kazar Nana ba ta taɓa yankawa da wuƙa ba, saboda Nana ba ta shiri da ƙarfe, ita ka sa a akwati mai hannayen ƙarfe.

Ni ma ban tsira daga laifi ba. Ta yi mini alkawari na yarda, kamar ita ke riƙe da ranarta. Da ina waje, da sai Honorio ya bi ta kaina kafin ya ɗauke ta.

Iya Zulmira ta ce ba za a iya kammala sallamar Inna ba sai jikinta ya taɓa ƙasa. Tukunyar Nana da ta yi wa hidima tana nan a rufe, ba a kai ta kogi ba, ba a ba kowa ba. Na je ofishin maƙabarta, suka ce doka ba ta bari a buɗe sai bayan shekara uku, kuma ko a lokacin sai mai takarda ya zo da kansa ya sa hannu. Mai takarda kai ne. Abin da nake roƙo ke nan, ba na roƙon komai bayansa.

Damiana

São Paulo, 11 ga Yuni, 1978

Yaya,

Ki sa mini albarka idan ranki ya bari. Ban yi lafiya ba tun ranar tangarahon. Na shiga makewayin masana'anta na rufe ƙofa na yi kuka kamar yaro. Da na san Kirsimeti ba za ta same ta ba, da na zo ko za su kore ni. Wannan zai bi ni har ƙarshen raina.

Amma takardarki ta yi mini ciwo. Kin rubuta kamar a bola na jefar da ita. Labarin laka na tuna da shi, na ɗauke shi labari, irin wanda ake ba yara su yi barci. Ke ba ki taɓa tunanin waɗanda aka hana wuri a sama su ne suka koyi son ƙasa ba? An ce mana gangare ne namu, mu kuma muka yi masa waƙa da ganga. Kada ki ce kunyar fatata nake ji, don na san abin da ke bakinki ke nan. Kullum da ita nake fita aiki. Ni ne baƙi na farko da aka ba shugabancin layi a sashenmu, kuma ni kaɗai na san abin da na haɗiye kafin a kai nan. Abin da na ƙi shi ne a ce inda aka jefa mu can muka zaɓa.

Honorio ya aiko mini da hoton dutsen. Firmina, da haruffa masu ƙyalli, inda duk wanda ya shigo sai ya ɗaga kai kafin ya karanta. Jikokin jikokinta za su san inda take. Na Baba fa, wa zai nuna mini? Ban ɓoye miki ba, idan shekara ukun sun cika niyyata in mayar da wurin na dindindin. Ku yi mata addu'o'inku a inda take. Allah na ji daga bango kamar yadda yake ji daga rami.

Kayanta ki yi yadda kika ga dama da su. Ni dai ki ajiye mini cokalin katakon da take juya miya da shi.

Ƙanenki,
Lauro

Cachoeira, 3 ga Nuwamba, 1979

Lauro,

Allah ya yi maka albarka. Katinka na Kirsimetin bara ya iso, na gode, ban amsa ba don ba ni da abin da zan sa a takarda wanda ba zan yi nadamarsa ba. Ina fata tarin ya sake ka. Ni bayan yana nan yadda yake, an kuma rage mana ranakun aiki, wai masu shan tabar sun ragu.

Jiya ranar ziyarar matattu ce, na je wurin Inna da furanni da guggurun da muke zuba wa matattunmu. Tun da kai ne ka zaɓi wurin, ya kamata ka ji yadda ake ziyararsa. Sai da na ari tsani wurin mai gadi. Na hau, da wannan baya nawa, ina goge haruffanka na tagulla da suka fara yin kore. Ina sama sai ga matar marigayi Likita Teles, ta tsufa tukuf, direbanta na riƙe mata lema. Ka tuna gidansu, ko ka manta ƙofar baya da muke jira a bakinta Inna ta karɓo ƙullin wanki? Shekara talatin tana wanke musu zanen gado.

Matar ta ɗaga kai kamar yadda ka ce za a ɗaga, ta karanta sunan, ta yi murmushi. Ta ce, "Firmina ce nan? Ashe har nan ta biyo mu. Ba a taɓa yin mai guga irinta ba." Ba da mugunta ta faɗa ba, har hawaye ta share. Sannan ta ce tun da ina kan tsanin, in taimaka in goge na maigidanta, ga shi nan kusa.

Na goge, Lauro. Hannuna ya riga kaina. Sai da na sauko na ga abin da na yi, na zauna a gindin bangon. Kai ka ce ka ɗaga Inna sama. Ni abin da na gani ka mayar da ita gidan aiki, ka haɗa da ni.

Guggurun da na zuba kuwa, kafin in kai ƙofa mai gadi ya share, wai iyalan sama sun yi ƙorafi yana jawo tururuwa. Ban yi masa faɗa ba, bawan Allah ne, shi ma nasa suna gangare. Na gangara can na tsaya. Mutanenmu na zaune a ƙasa kusa da nasu, wasu da gicciye, wasu ba ko alama, suna cire ciyawa suna hira da su, wata har tana ba uwarta labarin surukinta. Kowa da inda zai dafa hannu. Ni kaɗai ce tawa take rataye tsakanin sama da ƙasa, na dawo gida da ƙurar siminti a hannu.

Ka ce hana mu sama aka yi muka koyi son ƙasa. Na daɗe ina juya maganar, don ba wawa ba ne kai. An hana mu, gaskiya ne. Amma kakanninmu da aka ɗauro a jirgin bayi ba su zo da komai ba sai abin da ke cikin kansu, kuma Nana a ciki ta zo, ta girmi bangon nan da masu shi. Ba su suka ba mu ƙasa ba da za su raina mu da ita.

Ina yawan mafarkin Inna. Ba ta faɗa, ba ta kuka, tana tsaye a bakin ƙofa da ƙullinta a ka, tana neman inda za ta sauke.

Yayarka,
Damiana

Cachoeira, 8 ga Fabrairu, 1981

Ƙanena,

Allah ya yi maka albarka, kai da iyalinka. Fiye da shekara ke nan ban ji daga gare ka ba, bana ko katin bai zo ba. Na san takardata ta ƙarshe ce ta jawo, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma yau ba faɗa na zo yi ba.

Iya Zulmira ta makance, a kujera ake fito da ita. Ita ce ta rage cikin waɗanda aka girka tare da Inna, ita ta san waƙoƙin da za a raka ta da su tun daga farko har ƙarshe. Ta ce za ta yi ƙoƙari ta kai watan Mayu, lokacin da shekara ukun ke cika. Na ce mata na taɓa jin irin wannan alkawari. Ta yi dariya ta ce shi ya sa ta ce ƙoƙari.

Na kai mata ƙararka, ina jiran ta taya ni. Sai ta ce yaron nan da ƙauna ya yi abin da ya yi, kuma in tuna wa ke cire maka tsakiya kowace safiya kafin ka tafi makaranta. Inna ce. Tana cire ta don kada a yi maka dariya, tana hana ka zuwa gidan ganga lokacin jarrabawa, tana cewa kai dai ka yi karatu ka fita daga bakin kogin nan. Ka fita kamar yadda aka ce maka. Ni kuma da na rubuta maka saƙonta, na ɓata rabin takarda ina tsokanarka da tumbi da gashi, maganar da ta fi komai na ba ta layi biyu, na ɗauka ka sani. Da na ƙara layi ɗaya na ce saboda Nana, wataƙila da ba mu kai nan ba.

Cokalin katakon yana nan na naɗe maka. Ba zan aiko da shi ba. Idan kana so, ka san inda yake.

Yayarka,
Damiana

São Paulo, 7 ga Yuni, 1981

Yaya Damiana,

Ki sa mini albarka. Na dawo São Paulo lafiya, sai dai zaman mota ya kumbura mini ƙafa. Garin rogo da manjan da kika ba ni sun zo ba su zube ba. Ki gaishe da Bibiana, ki gaya wa Iya Zulmira na sumbaci hannunta daga nan.

A tasha kin ce in faɗi abin da ke raina, na ce ba komai. Kin ga abin da ya faru amma ba ki ga cikina ba, shi zan gaya miki. Ranar da na sauka Cachoeira ban yanke shawara ba. Takardar mayar da wurin na dindindin tana cikin jakata, na riga na cika ta. Shirun da na yi miki ba fushi ne kaɗai ba. Maganar tsanin nan ce ta hana ni rubutu, don duk lokacin da na ɗauki biro sai in gan ki a sama kina goge dutsen Likita, kuma ni na kafa tsanin.

Da safen nan da na ce miki zan je aski, maƙabarta na je ni kaɗai. An yi ruwa. Na tsaya gaban bangon na ɗaga kai, na jira in ji alfaharin da na ji da hoton, ban ji komai ba sai ciwon wuya. Sai na gangara. Takalmina ya nutse a caɓi, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi, na koma ɗan shekara tara. Na tuna abin da ban taɓa sawa a labarin ba. Ranar da gicciyen Baba ya tafi, ni ne ke gudu ina kuka ina neman tudu. Inna ba ta nema ba. Ta durƙusa inda take, ta ɗebi laka a hannu, ta shafa mini a goshi ta ce, "Daina nema, ya isa gida." Duk shekarun nan na ɗauka lallashin talaka ne wanda ba shi da yadda zai yi. Ashe gaya mini take yi. Sau biyu ta yi mini magana a fili, sau biyu na ji tausayinta maimakon in ji ta.

Sauran kin gani, na sa hannu aka buɗe bangon. Ban zaci za ta yi rashin nauyi haka ba. Da kika miƙo mini farin ƙyallen da ƙasusuwanta, na tuna ƙullin wankin da take ɗauka ya ninka ta nauyi. Da Iya Zulmira ta ce mai haƙa ya ajiye shebur, ƙarshen ramin da itace da hannu za a yi shi, kin kalle ni kina jiran in ce wani abu. Na shiga ramin. Shekara ashirin da wani abu ina bugun ƙarfe, ban san hannuna na iya tonon ƙasa ba sai ranar. Na sa ta a ciki ba akwati, ba suna, na ji lokacin da ƙyallen ya taɓa laka. Tsohuwar nan makauniya ta ɗaga waƙa, ku kuka amsa, ni ban san ko baiti ɗaya ba. Na tsaya a tsakiyarku da laka har gwiwar hannu ina motsa baki. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, Yaya. Na sa ta jira shekara uku a tsaye, da na zo kuma ban iya ko raka ta da murya ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto da wuri. Ranar da na dawo muna cin abinci, Celina ta ga tsakiyar a wuyana ta tambaya ko tsaraba ce, na ce tawa ce tun ina yaro. Ta ga farcena da baƙin ƙasa ta yi dariya, wai Baba ya je noma. Ban san lokacin da na ajiye cokali ba. Na ce musu su ji da kyau, idan na mutu a sa ni a ƙasa, ba na son komai bayan wannan.

Celina ta taso ta zagayo ta rungume ni ta baya, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Baba, kada ka damu da kuɗi. Ina gama karatu zan saya maka wuri mai kyau na marmara, inda ba ruwa ba laka. Ba wanda zai jefa ubana a rami." Odete ta ce ka ji 'yar albarka.

Na buɗe baki in ba ta labarin, sai na tarar rabinsa kawai ke hannuna. Shekararta goma sha tara, ba ta taɓa jin sunan Nana a bakina ba, ni da kaina na rufe wannan ƙofa don ta yi karatu. Ki gaya mini ta ina Inna ta fara miki, don ni ban san ta ina zan fara ba. Kuma ki kula da bayan nan naki, ki daina ɗaukar ruwa daga kogi. Idan na riga ki, ke kaɗai ce za ki gane abin da nake nufi.

Ƙanenki,
Lauro